Shekarar da Muka Bi Shamuwa

Bana shamuwa ta sauka da wuri. Ina zaune a tsakar gida nan unguwar Kara-Kara a Damagaram ina tsince shinkafa, sai na ji inuwa ta gifta ta kaina. Da na ɗaga ido, ga su nan biyu a bisa dogon ƙarfen salula na bayan gidanmu, ɗaya da ƙirare a baki. Ban san sa'ad da na ajiye faifan ba. Rabona da gona an daɗe, amma sai na ji tafin hannuna yana ƙaiƙayi, kamar an ce in tashi in ɗauko iri.

Zafin bana kuwa ba a magana. Duwatsun Damagaram su sha rana tun safe, su riƙe ta, da la'asar su mayar mana da ita. Famfo ya yi shiru, sai 'yan garuwa. Ni kaɗai nake yini a gidan. Jikoki suna lakwal wajen karatu, ɗiyata Marka tana biro wajen aikinta, mijinta aiki ya kai shi arewa. Tun da maigidana ya rasu ta ɗauko ni daga ƙauye, ta ba ni ɗaki mai siminti da fanka. Ba abin da na rasa. Sai dai mutum yakan yini bai ji muryar kowa ba in ba ta rediyo ba.

Marka a ma'aikatar noma take aiki. Ran nan ta shigo da yamma, ta watsar da takalma a bakin ƙofa, ta zube a tabarmata ko mayafi ba ta cire ba.

"Iya, na gaji. Yau wajen Hamdara aka tura mu, har garin su Baba muka shiga."

"Me kika kai musu?"

"Saƙon masu meteyo, masu hasashen yanayi. Ruwan farko zai zo, amma bayansa ana tsoron zai ɗauke ya daɗe. Na ce kada a zuba iri duka. Na yi musu bayanin hayaƙin motoci da manyan masana'antu na duniya, yadda yake taruwa a sama ya riƙe zafi kamar bargo, teku ta ɗumama, iskar da ke kawo mana ruwa ta rikice."

"Suka ce me?"

"Suka ce Allah ya saka da alheri, suka ba ni fura. Sai wani tsoho ya ce, 'Madan, tsakaninki da shamuwa, wa ya riga zuwa garin nan?' Aka yi ta dariya, har da ni. Ya ce shi bai taɓa ganin teku ba, amma ga shamuwa can a kan kuka, kowa yana gani."

Ni ma na yi dariya. Na ce mata, "Ai ke ma kin taɓa bin shamuwa. Kina bayana ne, ba ki sani ba."

Na ba ta labarin a zaune a nan. Da na gama ta ce tunda na yi yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙaƙe, in rubuta shi da hannuna. To, ga shi ina rubutawa a hankali, yadda nake yin komai.

Shekarun fari ne, waɗanda duk wanda ya kai shekaruna ya san su. Ni mutuniyar wajen Takeita ce, aure ya kai ni wani ɗan ƙauye gabas da Hamdara, nesa da dangina. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, da goyona. Inna ce ta sa mata Marka, don a tsakiyar damina aka haife ta, lokacin nan da sama kan rufe ruwa ya yi ta zuba siriri, wanki ya ƙi bushewa, itace ya ƙi kamawa. Ni kuma ko da na haihu, Amarya take ce mini, har gari ya ɗauka.

Daminar da ta biyo bayan haihuwar ta yi gardama. Abin da muka girba da ƙyar ya rufe gindin rumbu. Amma kafin a sa ko zangarniya ɗaya a ciki, maigidana ya baza geron a ƙasa ya tsuguna yana zaɓe. Zango muke nomawa, gero mai dogon kai, mai daɗin fura, wanda suka gada tun kakansa. Ba ya gaggawa, damina mai tsawo yake so. Ya fid da kawunan da suka fi cika, ya ɗaure su daban da kaba, ya ɗora damin can sama cikin rumbu a kan itace. Shi ne iri.

Bayan kaka ya bi mazan gari zuwa Kano ci-rani, don bakinsa ya ragu a kan rumbu. Ran tafiyar ya tsaya a bakin ƙofa da ƙunshinsa. Da mahaifiyarsa yake magana, amma ya ɗaga murya yadda zan ji daga madafa.

"Inna, ga iri nan. Ko me za a ci a ci, ban da shi. In shamuwa ta zo, ina hanya."

A garin, matar gida ba ta leƙa rumbun mijinta. Inna ce ke hawa ta fid do abin da za a daka. Da sanyi ya wuce zafi ya shigo, gwiwoyinta suka ƙi. Wata safiya ta dubi tsanin ta dube ni, ta ce, "Amarya, hau. Kunya ta ƙare." Ran nan na fara ganin cikin rumbu. Na zaci zan ga kaɗan. Abin da na gani daɓe ne, da 'yan zangarniyu a gefe guda kamar an share ɗaki an tara. Sai damin iri a sama, shi kaɗai, cikakke, yana ƙamshi.

Ga yadda yininmu yake. Da asuba in goya Marka in tafi rijiya. Ruwa ya yi nisa, an ƙara wa igiya igiya, har da tsummar zane aka ƙulla. Abin da guga ke kawowa ja ne, sai an bar shi ya kwanta. In na dawo in daka ɗan abin da na fid do, ba na zubar da dusa, tare ake damawa. Fura ta koma ruwa-ruwa, kana ganin gindin ludayi. Kafin rana ta yi tsaka sai daji, ni da maƙwabciyata Gaji, matar Nomau. Mu tsinko ganyen jiga da yaɗiya, mu ɗebo 'ya'yan anza. Anza sai an jiƙa an zubar, an jiƙa an zubar, kafin ɗacinta ya fita, kuma ruwan jiƙon ma ga yadda ake samunsa. Daga baya har gidan tururuwa muka riƙa tonawa, mu kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara, mu sheƙe ƙasar. Akuyarmu mun sayar tun tana iya zuwa kasuwa da ƙafarta.

Gaji asalinta Babarbariya ce daga birni, baki gare ta. Ko a wannan hali ba ta bar tsokana ba.

"Amaryar Inna, ke kam ko yunwa a hankali take cinki, ta san ba kya son hayaniya."

"Ke kuma fa?"

"Ni ai da faɗa muke yi. Wallahi ran da na je birni, sai na ci tuwo har in kasa amsa sallama."

Mukan yi dariya har mu dafa gwiwa, sai jiri ya ɗebe mu mu zauna. Rana kuwa ta sa rairayi ya zama garwashi. In ka taka babu takalmi, sai ka nemi inuwar sabara da gudu, sabarar ma babu ganye.

Nonona ya soma ɗaukewa. Marka ta kama ta ja, ta saki ta yi kuka, ta sake kamawa. Wata rana na sauko daga rumbu hannu wofi, na tsaya gaban Inna na kasa ɗaga ido.

"Inna, ko zangarniya ɗaya ce daga na sama. Don yarinyar nan."

Ta ɗaga kai ta dubi rumbun. Sannan ta ce, "Amarya, wancan ba gero ba ne. Baɗi ce aka ɗaure da kaba." Ta tura mini ɗan kokon da ke gabanta, ta ce ita ta ƙoshi.

Inna takan lissafa watanni tun daga kaka, irin lissafin manoma. Da watan bakwai ya tsaya ta soma zama a bakin ƙofa tana duban kudu. Gawon gonarmu ya kakkaɓe ganyensa, yadda yake yi in damina ta kusa. Sai ga shamuwa. Da hantsi suka sauka a kan kukar tsakiyar gari, yara suka yi ta ihu da ɗan ƙarfin da ya rage musu. Inna ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ni kuwa hanya na riƙa dubawa. Mazan wasu gidaje sun dawo. Namu shiru.

Ba a daɗe ba, wata la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe shinge, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har murfin tukunya. Ƙamshin ƙasar nan har yau in na tuna sai miyau ya taru mini. Da ya tsagaita, Inna ta dogara sanda ta fita bayan gida, ta tsuguna ta cusa hannu cikin rairayi. Hannun ya shige har ya wuce wuyan hannu, danshi bai ƙare ba.

"Shamuwa ta zo, wata ya cika, ƙasa ta sha," in ji ta. "Tun ina yarinya, in waɗannan suka haɗu ba a tambayar kowa. Sauko da iri."

Ba wanda ya yi shakka a garin, ko ɗaya. Ni ma ban yi ba. Kafin magariba mun sussuke damin, mun sheƙe, ya cika babbar ƙwarya.

Wanda bai taɓa shuka ba, bari in faɗa masa: aikin mutum biyu ne. Namiji yana gaba da sungumi, yana tafe yana sara rami, taki ɗaya sara ɗaya. Mace tana biye da ƙoƙo, ta jefa 'yan ƙwayoyi, ta rufe da diddige. Ba a magana, ƙafa ce ke jin ƙafa. Kuma da gaggawa ake yi, don rairayi ba ya riƙe danshi. In ka yi jinkiri, rana ta shanye abinta.

Da gari ya waye duk gari yana gona. Inna ta ce ita za ta bi ni da iri. Ba ta kai ƙarshen layi na biyu ba ta durƙushe. Na kai ta gindin gawo na zaunar. Na so in bar mata Marka, yarinyar ta ƙanƙame ni ta ƙi. To, haka na yi: in sara layi har ƙarshe da goyo a baya, in ajiye sungumi, in dawo da ƙafa, in ɗauki ƙoƙo, in bi ramukan da na sara ina jefawa ina rufewa. In koma in ɗauki sungumin. Kowane layi sau uku nake taka shi. Sungumin na maigidana ne, ya fi ni tsawo. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe.

Ina hango gonar su Gaji. Nomau yana gaba, ita tana baya, suna tafiya kamar an ɗaure su da zare ɗaya. Ta ɗago ta ƙwala mini kira.

"Amaryar Inna! Ke ce mijin, ke ce matar? Yi haƙuri, muna gamawa muna zuwa!"

Da gaske take. Amma gonarsu babba ce, sai washegari da yamma suka gama. Ni kuwa tun da ranar washegarin ta take, sungumi ya soma tayar da ƙura. Inna ta sa hannu a ƙasa daga inda take zaune, ta girgiza kai.

"Bari haka nan. Kada ki binne shi a toka."

Ko rabin gonar ban kai ba. Na rufe ƙwaryar da faifai don kada a gani, na ɗora a kai, na biyo bayan mutane. Kowa ƙwaryarsa wofi yake kaɗawa, ana ta barka da shuka. Ni kaɗai na dawo da kaya. Na shiga ɗaki na tura ta ƙarƙashin gado, na zauna na yi kukan da ban yi ba tun tafiyarsa. Gani nake na yi asarar damina, don gidanmu babu namiji.

Shuka ta tsiro. Ka tsaya a bakin gari ka ga layi-layi kore shar a kan jan rairayi, har ka manta cikinka. Sai sama ta washe. Muka ce gobe. Hadari ya haɗu da yamma, ya yi duhu, ya yi rugugi, iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da yashi a haƙora. Yashin nan shi ya riƙa yanka 'yan tsiron. Aka fita roƙon ruwa, maza da mata da yara, aka yi sadakar abin da babu. Ganyen ya nannaɗe, ya koma kamar zare, ya yi fari. Wata safiya na je gona na nemi layukan da na taka sau uku, ban ga ko alamarsu ba.

Shamuwa kuwa tana nan a kan kuka. Ta gama sheƙa, ta yi ƙwai, tana ta harkarta.

A nan gari ya soma watsewa. Duk wanda ya gama shukarsa, irinsa ya ƙare ke nan. Kamyo, babbar motar kaya, yakan tsaya a bakin hanya, a cika shi da mata da yara da tabarmi. Nomau ya ce Gaji ta kwashi yara ta tafi wajen danginta a birni, shi zai tsaya ya ga abin da Allah zai yi. Na raka ta. Ta hau ta zauna a kan buhu, ta leƙo.

"To, Amaryar Inna, zan je in ci tuwon nan da na faɗa miki. In ajiye miki ƙanzo?"

"Ki ajiye."

"Ki riƙe mini turmina, kada gara ta ci."

Ban ƙara ganinta ba. Daga baya aka ce ciwo ya kama ta a can, ba ta tashi ba. Turmin ya daɗe a gidana.

Marka ta bar kuka. Wannan ya fi kukan tsoratar da ni. Takan kwanta a cinyata ido buɗe, wuyanta kamar sillen kara. Inna ta dube ta, ta dube ta. Ran nan da hantsi ta kira ni.

"Amarya, ɗauko ƙwaryar nan ki daka."

Na zaci ban ji daidai ba. "Inna, iri ne fa."

"Na sani."

"Ke kika ce baɗi ce."

"Na faɗa. Na kuma ce in shamuwa ta zo ba a tambaya. Ga ta can, je ki tambaye ta." Muryarta ko rawa ba ta yi. "Abin da na sani ya ƙare, Amarya. Duniyar da na iya karantawa ba ita ce wannan ba. Ki ba yarinya ta sha."

Na jawo ƙwaryar, na juye a turmi, na ɗaga taɓarya. Ina kallon ƙwayoyin, manya-manya, waɗanda ya tsuguna ya zaɓa da hannunsa. In na daka, za mu ƙoshi na ɗan lokaci. Bayan nan ko ruwa ya dawo, mu ma sai kamyo, kuma in ya dawo gida sai ya tarar da kango. In ban daka ba, ga abin da ke kwance a tabarma. Hannuna ya gaji a sama. Na sauke taɓaryar a hankali a gefe. Na kwashe geron na mayar a ƙwarya, na bar tafi ɗaya a turmin. Shi na daka, na dama kunu. Marka ta sha tana lumshe ido. Na miƙa wa Inna saura, ta kau da kai.

"Ba ta. Ni na sha nawa tun tuni."

Haka na riƙa yi, in abin ya yi tsanani in ɗebi tafi ɗaya, in rufe ido in rufe ƙwaryar. Kullum in na ɗaga ta sai in ji ta rage nauyi, in ji kamar daga jikina aka ɗiba.

Inna ba ta ƙara zama a bakin ƙofa ba, ba ta ƙara ɗaga kai ta dubi sama ba. Ta rasu wata safiya bayan ta yi salla, a zaune, carbi a hannu. Mazan da suka rage a gari ba su cika sahu ɗaya ba. Su suka kai ta.

Daga nan gidan ya zama ni da Marka. Ban san shiru yana da nauyi ba sai lokacin. Babu akuya, babu kaza, babu ƙarar daka daga ko'ina, don babu abin dakawa. In na yi tari sai in ji shi ya dawo mini daga bango. Na koma yi wa yarinyar da ba ta iya magana ba hira kamar babba. In ce mata, "Yau kam gabas ta ɗan yi duhu, ko ba ki gani ba?" In ce, "Babanki yana hanya." Ita dai ta dube ni. Tabarmar Inna na bar ta a shimfiɗe inda take, na kasa naɗewa.

Ruwa ya dawo lokacin da a shekarun kirki an gama noman farko. Ya sauka sosai, ya sake sauka. Ƙasa ta sha, gari babu iri. Da safe na ji sallama a ƙofar gida. Nomau ne, ya tsaya daga waje, yana kallon ƙasa, wasu mutum biyu-uku a bayansa.

"Amaryar Inna, an ce kina da saura."

Na fito da ƙwaryar na buɗe faifan. Abin da na ɓoye don kunya, yau maza suna kallonsa kamar ba su taɓa ganin gero ba. Na zuba wa kowa tafi-tafi a bakin rigarsa. Nomau ya ƙulle nasa, ya saɓa sungumi.

"Naki za mu fara sarawa."

Suka jeru a gaba, ina biye da ƙoƙo. Abin da ya gagare ni yini biyu, kafin rana ta take an gama. Na tuna yadda ake tafiya a bayan mutum. Ina jefawa ina rufewa, hawaye yana bin iri cikin rami.

Ba zan ce an yi damina ba. Zango ya tashi, ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, sai ruwa ya ɗauke tun bai gama da shi ba. Na kan jigawa ya tsaya da dogayen kawuna, ka murza babu ƙwaya. Sai ɗan kwarin da ke gindin gawo, nan ne ya cika. Abin da na girba, ni kaɗai na kwaso shi a kai. Amma kafin in sa ko ɗaya a turmi, na baza shi a ƙasa na tsuguna na zaɓa, yadda na ga ana yi. Na ɗaure da kaba, na hau na ɗora a sama.

Maigidana ya dawo bayan kaka, ya rame har na so in kasa gane shi. Ciwo ne ya kwantar da shi a Kano. Ɗan buhun garin rogo ne a kafaɗarsa. Labarin Inna tun a hanya ya ji. Ya zauna a kan tabarmarta, na kawo ruwa ya sha, ya ɗauki Marka ya daɗe yana duban ta. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Iri fa?"

Na nuna masa rumbu da baki. Ya hau ya leƙa. Da ya sauko sai ya juya mini baya, ya sa hannun riga a fuska.

Shekarun da suka biyo baya an samu ruwa, wata shekara da yawa ma. Amma bai koma zama yadda Inna ta san shi ba. Yakan zo ya tsaya, ya dawo a fusace ya rushe katanga, ya tafi da wuri. A hankali mutane suka koma gero mai saurin nuna. Jikokina da na tambaye su ma'anar sunan uwarsu, ba wanda ya sani.

Da na kai nan a labarin, na tambayi Marka abin da ya daɗe a raina. Na ce, "To ke da kika yi karatu, shamuwa ƙarya ta yi mana?"

Ta ce, "A'a, Iya. Ita lokacinta take bi daga kudu, ba ta saɓa ba. Da can iskar da ke ɗauko ruwa daga teku tana biye da ita kusa-kusa, shi ya sa su Inna suka haɗa su. Yanzu zafi ya ƙaru a ƙasa da teku, iskar takan zo ta ja baya, ta yi jinkiri. Tsuntsuwar ba ta san an canza ba."

Na juya maganar a raina. Na ce, "Ashe shuka ce. Shamuwa ce mai sungumi, ruwa ne mai bin ta da ƙoƙo. Shekarar nan mai sara ya wuce, mai bi bai biyo ba."

Ta tashi zaune. "Iya, sake faɗa."

Ta so in bi ta ƙauyen, gwiwoyina suka ƙi, sun zama irin na Inna. Na ce ta tafi da labarin, ai nata ne, da ita aka yi. Ta koma. Ta ce wannan karon ba ta fara da teku ba, da sungumi ta fara, da matar da ta taka kowane layi sau uku. Tana cikin faɗa sai tsohon nan mai tsokana ya ɗaga sanda.

"Tsaya, Madan. Amaryar Inna ce ta haife ki? Ke ce goyon?"

Nomau ne, ba su gane juna ba, don tun tana ƙarama karatu ya fid da ita daga garin. Yana nan da ransa, haƙora sun zube. Ta ce ya daɗe yana kallon ta, sannan ya juya ga mutane ya ce, "To, ashe ita ma ta daɗe a garin nan." Daga nan ne fa aka soma yi mata tambaya a kan tekun. Wasu sun ce za su raba iri biyu. Wasu sun ce su dai in ƙasa ta sha ba za su iya zama ba. Ban ga laifinsu ba, na san yadda hannu yake yi.

Da za ta taho ya shiga gida ya fito da zangarniya uku, dogaye, a naɗe cikin tsumma. Zango ne. Wai har yanzu yana shuka kaɗan a kwari, daga tafin nan da na zuba masa a riga. Ya ce a gaishe ni, a ce mini ya gode da riƙon turmin Gaji.

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka. Ba kowa a gidan. Da ya tsagaita na dogara na zagaya bayan madafa, inda akwai 'yar ƙasar da siminti bai ci ba. Na tsuguna na cusa hannu. Ya shige har wuyan hannu. Na murje zangarniyun a ƙoƙo, na sara da guntuwar fartanya, na dawo na jefa, na rufe da diddige. Da na kai rabi sai na tsaya. Hannuna yana so, ƙasa tana kira. Na rufe ƙoƙon da faifai, na kai ɗaki na tura ƙarƙashin gado.

Marka ta dawo da yamma ta ga sawun diddige a bayan madafa. Ta leƙo ɗakina tana murmushi.

"Iya, iri fa?"

Na nuna mata ƙarƙashin gado da baki.

Yau sama tas take, ko gajimare babu. Shamuwa tana can bisa ƙarfe a kan ƙwanta, ni ina nan a tabarma. Kowannenmu ya yi nasa saran. Muna jiran mai biyowa.